Minti Ashirin a Kan Risho

A shekarun saba'in ina koyarwa a wata ƙaramar makarantar horar da ma'aikatan disfensare a Kafanchan. Ina da baki, ina da ji da kai, kuma ɗalibaina ba sa faɗuwa jarrabawa. Don haka ranar da aka tara mu malamai aka ce wani likita zai koya mana yadda ake binciken koyarwa, sai na ji abin kamar zagi. Ni za a bincika?

Likitan dattijo ne mai sanyin magana. Mako biyu yana yi mana bayani, in jirgin ƙasa ya katse shi ya jira ya wuce, ya ɗora. Ya ce takardar jarrabawa ba ta yi wa kowa allura, saboda haka kowannenmu ya bi tsohon ɗalibinsa har wurin aiki, ya zauna ya ga abin da hannunsa ke yi. Ya raba mana fom mai layi-layi, ya kafa doka guda.

"Ido naku ne, biro naku ne, amma baki ba naku ba ne. Da kun gyara masa, binciken ya lalace, ba za mu san gaskiya ba."

Sannan ya faɗa mana abin da ya kawo shi. Ana ta kawo yara daga ƙauyuka da ƙurji a mazaunai, daidai inda aka yi musu allura, wasu kuma idanu sun yi ɗorawa bayan 'yan watanni. Ruwa ba ya tsami banza, in ji shi. Na ce a raina, ba dai yarana ba.

Na zaɓi ɗalibar da na fi alfahari da ita, wadda ke riƙe da disfensaren wani ƙauye bayan Zonkwa. Damina ce, ranar kasuwa, hadari ya haɗu tun hantsi amma ya ƙi zuba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta share mini benci. Mata sun yi layi a baranda da goyonsu, ɗakin sai ƙamshin sabulu. Na buɗe fom ina murmushi.

Ta kunna risho, ta ɗora tukunya, ta saka sirinji da allura. Ruwa ya fara tsuwa ke nan ta kashe wuta, ta ce a hankali, kamar mai addu'a, "Minti ashirin." Ta tsamo su. Na dubi agogona, ko minti uku ba a yi ba. Na tuna doka, na rubuta.

Yaron farko idanunsa sun yi ɗorawa, jikinsa ba ƙarfi. Ta yi masa allura, ta mayar da ita cikin ruwan nan mai ɗumi. Wannan karon ko rishon ba ta kunna ba. Ta sake cewa, "Minti ashirin," ta tsamo, ta kira ta biyu. Jaririya ce ɓul-ɓul, tari kawai ke damunta, tana wasa da sarƙar uwarta. Ina kallo aka kwantar da ita a cinya. Hannuna kuwa yana ta rubutu.

A ta uku ne na miƙe.

"Ke! Wa ya koya miki wannan ta'asa?"

Ta tsaya da sirinji a hannu, ta dube ni da mamaki, babu ko alamar tsoro.

"Mama, ai ke ne. Kullum a aji kina kashe risho, ki ce minti ashirin, ki cire. Mun ɗauka na takarda na jarrabawa ne, na hannu shi ne na aiki. Mu duka haka muna yi."

Ban iya ƙaryata ta ba. Kananzir ɗin makaranta da kwalba ake auna mana, lokacin darasi kuma gajere, don haka ban taɓa barin tukunya ta tafasa a gabansu ba. Nakan faɗi lokacin da baki in wuce, ina ganin kowa ya gane. Shekara da shekaru ina haka, kuma kowace shekara mota na kwashe su ta rarraba ƙauyuka, daga bayan duwatsu har bakin kogi. Kunya ta kama ni, tsoro ya fi ta.

Na ce ta kunna wuta kada ta taɓa kowa, na fita da gudu neman uwar jaririyar. Ruwa ya tsuge, kasuwa ta watse, kowa ya rufa buhu a ka. Na tari mata ɗaya bayan ɗaya ina ɗaga musu buhu, ina leƙa goyo. Wata tsohuwa ta ce ta ga mai irin zanen da na kwatanta ta bi hanyar rafi, amma ba 'yar nan ba ce, citta ta kawo sayarwa. Ba wanda ya san ƙauyensu.

Na koma jiƙe sharkaf, na tarar da fom ɗina a kan benci. A layin jaririyar na ga na rubuta "bai tafasa ba" da kyakkyawan rubutuna, har da lokaci, tun kafin allurar ta shiga jikinta.