Muryar Mijina da Na Goge a Kaset

Ni tsohuwa ce, ban yi karatun boko ba. Maƙwabciyata malamar makaranta ce take rubuta mini wannan, na roƙe ta kada ta gyara komai. A shekarun da wayar hannu ba ta zo ba, ina zaune a unguwar Umarari da mijina, Allah ya jiƙansa. Masinja ne a gidan waya, shekara talatin bai taɓa makara ba. Ko ranar da na haifi 'yarmu sai da ya je ya sa hannu a wurin aiki sannan ya dawo. A wurinsa na koyi cewa aiki kujera ce, in ka tashi wani ya zauna.

Ɗanmu na fari ya karanci kwamfuta, wani kamfanin ƙasar waje ya ɗauke shi. Ba shi da ofis. Bana yana Jidda, baɗi a ce yana Alƙahira. Da ya zo ganin gida ya nuna mini akwatin aikinsa, bai fi faranti girma ba. Ya ce duk inda akwai layin tarho zai jona ya aika aikinsa, ko daga nan Maiduguri. Ya dafa hannuna ya ce in wani abu ya taso kada in ɓoye masa, zai ɗauko akwatin ya zo. Na ce to. A raina na ce lallashina yake yi, ina aka taɓa biyan mutum albashi yana zaune a ɗakin ubansa?

Idon mijina ya riga ya yi rauni, ba ya iya rubuta wasiƙa, don haka kaset muke yi wa yaron, 'yan kasuwa masu zuwa Jidda su kai masa. A daminar da tari ya kama maigidan, duk sanda ya fara tari sai in danna in tsayar da rikoda, ya lafa mu ci gaba. Wata rana na tashi duba tukunya na bar rikoda tana juyawa. Da ya yi barci na mayar na saurara. Na ji ya kira yaron da sunan da yake masa tun yana goye, ya ce wannan ciwon ba na tashi ba ne, ya zo ya gan shi, in da gaske akwatin nan yana aiki a ko'ina ya taho da shi. Na yi kuka har na gode Allah. Sannan na tuna 'yan ƙannensa uku da ke makaranta a kansa. Na mayar da kaset baya, na ɗora muryata a kan ta mijina. Na ce geron Khaddamari ya yi kyau, akuya ta haifi biyu, Baba lafiyarsa lau.

Mijina bai san na goge ba. Ya sa aka mayar da tabarmarsa zaure, yana fuskantar ƙofa. Kullum da la'asar sai ya tambaye ni ko motocin Kano sun iso. Sati biyar yana wannan tambaya. Daga ƙarshe ya ce mini ba ya fushi da yaron, aiki ne ya riƙe shi, shi ma ya san aiki. Kwana biyu bayan nan ya cika, yana zaton ɗansa ya ji kiransa bai zo ba.

Yaron ya iso bayan sadakar bakwai. Wata huɗu ya yi a gida. A ɗakin ubansa yake aiki, sau biyu a mako ya je shagon tarho cikin gari ya dawo. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya zauna a kujerarsa, domin babu kujerar. Ina kallonsa ta ƙofa.

Ya zo da kaset ɗin. Ashe ban goge duka ba. Bayan labarin akuya, can ƙarshe, ana jin tari, sai muryar ubansa yana cewa yana jira. Ya sa mini, ya tambaye ni me Baba yake jira. Na ce tuwo. Ya yi murmushi, ya ce Baba da son tuwo. Har yau yana ajiye da kaset ɗin, har yau abin da ya sani ke nan.

Na auna aikin ɗana da mudun ubansa, na raba su da ganawar ƙarshe. Iyaye 'yan'uwana, in 'ya'yanku suna nesa suka ce ku gaya musu gaskiya, ku gaya musu, su suka san aikinsu. Kada ku yanke musu hukunci da sunan tausayi. Malama ta ce ɗana yana karanta wannan mujalla a can. In ya gani, ya sani ba tuwo ubansa yake jira ba. Shi yake jira. Ya yafe mini.