Anti Bari-In-Gani da Agogon Sabar

A asibitin da take aiki babu mai kiranta da sunanta. Anti Bari-In-Gani ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. Ko a gida in maigidanta ya ce ya kulle ƙofa, sai ta je ta taɓa kwaɗon. Tun shekarar farko ya daina jin haushi, yanzu har matsa mata hanya yake yi.

Shekara tara ke nan tana kula da rumbun bayanan asibitin, wato sabar, babbar kwamfutar da ke riƙe da sunan kowane majinyaci da lokacin ganin likitansa. Ofishinta ɗan ɗaki ne a bayan wurin ba da magani, sanyi kamar cikin firji, da wata rigar sanyi mai guntun hannu da ba ta barin bayan kujera.

Wata Talata mai rajista ta shigo idonta jajir. Kwana uku ke nan in ta rubuta wa majinyaci ƙarfe goma, sai saƙon waya ya je masa da tara. Tsofaffi sun cika benci suna mita. Manaja ya ce hannunta ne, in aka sake gobe ta ajiye katin aiki.

"Wallahi Anti, goma nake bugawa."

"Zauna, ƙanwata. Bari in gani."

Sai ga manaja da takarda a hannu. "Ba sai kin wahala ba. Da aka kawo sabuwar sabar, a gabana injiniya ya gyara mata lokaci. Ga saitin nan, har bugawa na yi."

"Ranka ya daɗe, wannan abin da aka gaya mata ne. Ni ita zan tambaya me take bi yanzu."

Ta gyara tabarau ta buga layi ɗaya na umarni a kwamfuta. Saitunan da sabar ke aiki da su a wannan lokacin suka jero a allo: yawan masu shiga, girman ma'ajiya, da sauran tarkace. Ta bi su da bayan biro har ta kai kan yankin lokaci, wato agogon ƙasar da sabar ke bi. Ba na takardar manaja ba ne. Injiniyan ya gyara fayil ya tafi abinsa, bai sa sabar ta sake karanta shi ba, ita kuwa ta ci gaba da bin agogon da ta zo da shi, wanda ke bayan namu da awa ɗaya.

Manaja ya kalli allo, ya kalli takarda, ya ninke ta huɗu. "Dama ni na ce a duba." Ya juya ga mai rajista. "Ke kuma me kike zaune? Mutane na jira."

Ta fita tana share ido tana dariya.

Anti ta sa sabar ta karanta fayil ɗin, sannan ta sake buga layin nan.

"Ba kin gyara ba?" in ji manaja daga bakin ƙofa.

"Na gyara, ranka ya daɗe. Bari dai in gani."