Bugun Da Ban Ji Ba

Mu biyu ne daga yankinmu muka samu shiga makarantar koyon aikin jinya a Kano, a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a: ni daga Fammar, ita daga cikin garin Rano. Tun a sakandare na santa, kuma tun a can ba ta taɓa zuwa gabana a jarrabawa ba. Babana malami ne mai zaure. Uwarta kuwa kiɗan ƙwarya take yi a gidajen biki, har zuwa lokacin da aka fara yi wa masu kiɗa wani irin kallo, ta kife ƙorenta ta koma tuyar ƙosai. To, wadda na yi wa ƙyashi shekara uku ke nan.

Ba ta iya zama yatsunta ba su buga wani abu ba, ko benci, ko murfin kwano, ko cinyarta. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sunayen ƙasusuwan hannu da suka hana mu sakat, ta ɗora su a kan karin wata waƙar uwarta, rabin aji suka haddace. Ni na ƙi. Na ce ban zo Kano don in koyi amada ba. Na ci jarrabawar, su ma suka ci, su da dariya ni da ciwon kai.

Wurin ƙirga bugun jini abin ya fi yi mini ciwo. Malamarmu ta koya mana: yatsu a wuyan hannun mara lafiya, ido a kan agogo, minti ɗaya cur. Amma kowa ya ga yadda manya suke yi idan aiki ya yi yawa, a ƙirga na sakan goma sha biyar a ninka sau huɗu. Babu wanda ya kai ni sauri a wannan. Ita kuwa sai ta riƙe hannu ta lumshe ido, kanta yana ɗan kaɗawa, a yi ta jiranta. Ran nan malama ta tsaya a bayanta ta ce mana, “Ku dubi yadda nas take sauraro.” Ni da na zo ta ɗaya a takarda ba a taɓa cewa a dube ni ba. Ranar ko abinci bai yi mini daɗi ba.

A hutun shekara ta biyu Inna, mahaifiyata, ta fara kukan gajiya. Daka kaɗan sai haki. Kullum da safe nakan fito da agogona in auna ta, musamman in akwai matan maƙwabta a tsakar gida, in ce, “Saba'in da shida, lafiya lau. Aiki ne ya yi miki yawa.” Inna ta gyaɗa kai, matan su ce Allah ya yi albarka, Fammar ta yi nas.

Wata Laraba sai ga 'yar Ranon nan a kan acaɓa, wai ta zo aron littafina. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta ji yadda take numfashi, ta ce, “Inna, kawo hannun in ji.” Ta riƙe, ta lumshe idon nan nata. Ta daɗe har na fara tsaki a zuci.

“Bugun yakan yi ta tafiya daidai,” in ji ta, tana kallona, “sai ya tsallake ɗaya, ya dawo da gudu. Kin ji shi?”

Na ce, “Zuciya ce fa, ba ƙwarya ba.”

Ta yi dariya, don ita ba ta iya fushi ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ta ce, “Ki dai kai ta a duba, ƙawata.” Ta karɓi littafin ta tafi.

Abin da ya kamata in yi bai fi minti ɗaya ba, in kama hannun Inna in jira. Ban yi ba. Ina tsoron in ji abin da ta ji, ya zama a gidanmu, a jikin uwata, 'yar mai kiɗan ƙwarya ta fi ni. Na ci gaba da sha biyar sau huɗu, lissafi yana fita tsaf. Sati uku ina haka.

Sai ranar da Inna ta ajiye taɓarya ta zauna a gindin turmi ta kasa tashi. Na kama hannunta, na bar agogon ya zagaye. Wajen sakan arba'in bugun ya ɗauke, kamar mai tafiya ya yi tuntuɓe, sannan ya dawo a guje. 

Washegari muka shiga motar Kano. Likita ya gwada ta da na'ura, ya rubuta magani, ya ce an yi sa'a da ba a ƙara jinkiri ba. Da ya ji ni ɗalibar jinya ce sai ya ce, “Ke kika gano da hannu? Kin yi ƙoƙari. Ba kowa yake jin wannan ba.” Na sunkuyar da kai na ce na gode. Inna tana zaune tana jinmu.

Sai da muka wuce Bunkure a hanyar dawowa ta yi magana, ba tare da ta dube ni ba.

“Gobe ki je Rano ki gaya wa yarinyar nan abin da likita ya ce. Duka.”

Na je. Na same ta tana taya uwarta wanke wake. Na ce mata an duba Inna an ba ta magani, ta yi ta hamdala, har ta ƙulle mini ƙosai in kai gida. Sauran maganar likita ban faɗa mata ba, kuma har yau ban faɗa ba. Inna ta rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, ba ta taɓa tambayata ko na isar da saƙon ba. Amma ba ta sake miƙo mini hannunta a gaban mutane ba.