Kwaltar da Aka Shafa wa Ɗakin Abba

Ɗaki ne mai taya biyu, irin wanda ake ɗaura wa mota a ja. Kamfanin da ya yi aikin hanyar ruwa a fadamarmu ne ya zo da shi tun ban yi wayo ba, injiniyoyinsu suna kwana a ciki. Abbanmu direbansu ne. Da aiki ya ƙare suka kwashe kayansu suka bar masa shi, wai tukuici. Su karaban suke ce masa. Mu a gida ɗakin Abba muke cewa, kuma har bayan rasuwarsa ba mu canza ba.

Ba wani babba ba ne. Taku bakwai daga ƙofa zuwa ƙuryarsa, taga biyu, daga waje farin gwangwani, daga ciki siririn falanki. Duk rani Abba yakan nemi tarakta a ja masa shi zuwa gonarsa ta wajen Guri, ya tare a can yana ban ruwan tattasai. Kafin damina ta kankama ya dawo da shi Haɗeja, ya ajiye a filin bayan gida inda ƙasa take da tudu. Ko sau ɗaya ruwa bai taɓa riskarsa a fadama ba.

Da aka zo rabon gado, gona ta tafi wajen Yaya, babban wanmu. Ni na ce a ba ni ɗakin a cikin kasona. Har dariya aka yi mini. Na gama sakandare, na koyi ɗinki, ga keke na samu amma babu inda zan ajiye shi sai barandar Umma, inda kaji suke hawa kan yadin mutane. Ina son wuri mai ƙofa da kwaɗo, wanda zan ce nawa ne. Yaya ya roƙe ni in ara masa shi rani ɗaya kawai, kafin ya yi bukka a gonar. Na ce to, amma ya dawo da shi kafin ruwa. Ya ce ai ko ban faɗa ba.

Daminar nan ba a gida na yi ta ba. Gwaggonmu ta Miga ce ta kwanta ciwon ƙafa, aka tura ni jinya. Ruwan farko na sauka na buga wa Yaya waya na tambaye shi ko ya dawo da ɗakin. Ya ce tuni. Da ambaliya ta zo, aka fara yawo da hotunan gonaki sun zama kogi, kana hango kan bishiya kawai, sai hankalina ya tashi na kira Umma. Ba don ban yarda da Yaya ba, don dai in ji daga bakinta.

"Ɗakinki yana nan lafiya ƙalau," in ji ta. "Ki kula da gwaggonki."

Na kwantar da hankalina. Wa zai ji haka daga uwarsa ya sake tambaya?

Sai bayan ruwa ya janye na dawo. Na tarar da ɗakin a filin bayan gida, a mazauninsa na da. Na buɗe ƙofa na ga an yi wa cikinsa sabon fenti shuɗi, an shimfiɗa sabuwar leda mai zanen fure. Yaya ya ce rufin ne ya ɗan yi yoyo da damina, shi ne ya ga bai kamata ya ba ni shi a haka ba. Wallahi har ƙasa na durƙusa na yi masa godiya. Ɗinkin farko da na yi bayan dawowata rigarsa ce, da yadin da na daɗe ina ɓoyo.

Wari ne ya fara damuna. Da safe in na buɗe ƙofa sai ya buge ni, kamar tsumman wanke-wanke da aka manta a ƙarƙashin kwano. Na yi turaren wuta, na bar tagogi a buɗe, a banza. Yaya ya ce ragowar yoyon rufin ne, in aka toshe zai wuce.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne mutumin Filato, ya koyar da aikin katako a makarantar fasaha har ya yi ritaya, kuma ya zauna a Haɗeja saboda a nan ya haifi duk 'ya'yansa. Malam muke ce masa. Na je aron tsani, ya biyo ni da kansa. Ya hau ya duba, ya sauko ya ce shi fa bai ga wata ɓarna a rufin nan da za ta kawo wannan wari ba. Ban tsaya saurarensa ba. An ce mini rufi ne, ni kuma ina sauri, Sallah tana matsowa. Ya ga ba zan ji ba, sai ya nuna mini yadda zan kankare tsohon danƙon da ke gefen kowace ƙusa da bakin tagar sama, in goge, in sa sabo.

Sati biyu na yi a kan rufin nan, da wando a ƙarƙashin zani. Gwangwani ya ɗau zafi har sai na shimfiɗa buhu nake iya durƙusawa. Matan unguwa suna wucewa suna tambayata ko na koma kafinta ne, ina ce musu in rufinsu na yoyo su yi layi. Yaya yakan wuce da babur ya ɗaga mini hannu ya ce sannu da aiki. Umma kuma ta aiko mini da kunun zaƙi har gindin tsani. Suna kallona. Wannan ne abin da har yau na kasa haɗiyewa, sati biyu suna kallona.

Na gama, Malam ya sheƙa bokiti uku a sama, ko ɗigo bai sauko ba. Na shigar da keke, na kafa igiya na rataye yadukan Sallah da na karɓa, na mutum goma sha ɗaya. Kwana huɗu na yi ina ɗinki. Ina jin daɓen yana ɗan lotsawa in na taka keken, na ce tayoyi ne. Rana ta biyar da hantsi, ina tsakiyar haɗa hannun riga, ƙafar keken ta baya ta burma. Keken ya kifo kaina, na tare shi da ƙirji, allura ta karye a cikin yadin mutane.

Na ja ledar nan da ƙarfi ta yage. Abin da ke ƙarƙashinta baƙi ne wuluk, kwalta ce aka malala tun daga ƙofa har ƙurya. Na sa yatsa a ramin da keken ya yi, katakon ya biyo hannuna kamar jiƙaƙƙen burodi.

Malam ya zo da sukundireba yana cakawa nan da can, ko'ina sai ta shige ba gardama. Ya fita ya kwanta rigingine ya shiga ƙarƙashin ɗakin, dattijo mai ciwon baya. Ya daɗe kafin ya fito.

"'Yata, nan ma kwalta ce," ya ce. "An cusa tsumma a kowace tsaga, an bi da kwalta. Wannan aikin mai jirgi ne."

Ban buƙaci a faɗa mini wane mai jirgi ba. Kawuna, ƙanin Umma, gyaran kwalekwale ne sana'arsa a bakin kogi tun yana saurayi.

Malam ya yi mini bayani yana kakkaɓe rigarsa. Katakon jirgi mai kauri ne, an yi shi don ya zauna a ruwa, abin da ake so kawai kada ruwan ya shigo. Shi kuwa wannan daɓen falle-falle ne aka manne, in ya jiƙe iska yake so. Akwai ma 'yan ramuka da masu ƙera shi suka bari a kusurwoyi don ruwa ya tsiyaye, duk an toshe su. An kulle danshi tsakanin kwalta biyu, ya zauna yana cin katakon a hankali. Sannan ya ce in ba shi guduma. Ya ɓamɓare falanki ɗaya na bango.

Laka ce a ciki, busasshiya daga sama, jiƙaƙƙiya daga ƙasa, ta yi layi daidai ƙuguna. Ga guntayen ciyawar kacalla ta kogi, ga bawon katantanwa. A kan wani katako na tsakiya na tsinci ɗan kifi, bai kai yatsa ba, ya bushe ya lanƙwashe.

Malam ya dube ni, ya dubi kifin. Ya ce shi zai je gida, in na shirya in kira shi.

Na tarar da Yaya a tsakar gida yana cin shinkafa da wake, Umma tana gefe tana tsintar zogale. Na ajiye masa kifin a bakin faranti.

"Yaya, yaushe ruwan sama ya fara zuwa da kifi?"

Ya daina tauna. Bai ma yi wahalar musu ba. Ya ce ranar da taraktar ta zo, sawu ɗaya mai ita ya yarda zai yi, ga injin ban ruwa ga buhuna, sai ya ce a fara kwashe su, ɗaki ya jira wani satin. Satin ya zama wata. Yana ta cewa gobe har jinga ta ɓalle. Sati uku ɗakin ya yi tsaye a cikin ruwa. Duk wannan yana faɗa yana kallon farantinsa. Da ya ɗago sai cewa ya yi, to ba ga shi an gyara mini ba, har da fenti?

Na juya wajen Umma don ta taya ni faɗa. A raina har lokacin ita ma ruɗinta aka yi. Hannunta bai daina tsintar zogalen ba.

"Ni na kira kawunki," ta ce. "Ni na ce a rufe kafin ki dawo. Na san halinki, da kin ga ɗakin nan yadda aka jawo shi, da ke da ɗan'uwanki kun raba gari."

"Ranar da na kira ki daga Miga, yana ina?"

Ta ci gaba da tsintar zogalenta. Na sake tambaya. Ta ce yana cikin ruwa.

Ban yi kuka a gabansu ba, ban kuma yi ihun da take tsoro ba. Na koma ɗakin na sauke yadukan mutane daga igiya, na ninke, na bi gida-gida na mayar. Wasu sun ce ba komai. Wata ta ce dama an gaya mata yarinya ba ta riƙe alkawari. Na haɗiye, don ba zan tsaya a ƙofar gidan wani in ce uwata ce ta yi mini ƙarya ba.

Kawu shi kaɗai na kasa jin haushinsa. Ya zo da kansa da ya ji labari, ya ɗauka na san komai tun farko. Ya tsaya yana kallon kwaltarsa, ya ce shi fa aikin da ya yi, ko yau aka tura ɗakin nan kogi sai ya kai Kirikasamma bai sha ruwa ba. Malam ya ce ya yarda, amma ba Kirikasamma yarinyar take son zuwa ba. Suka yi dariya, sannan Kawu ya tuɓe riga ya ɗauki ƙarfe ya fara kankare abin da ya shafa da hannunsa. Kwana uku yana zuwa.

A wajen kankarar ne na tambayi Malam abin da bai kamata in tambaya ba. Na ce da an buɗe shi tun ranar da aka jawo shi fa? Ya so ya kauce, na matsa. Ya ce da an cire falankan bango an bar shi ya sha iska wata guda, da abin da za a canza bai wuce katako biyu ko uku ba. Wato ruwan kogi bai kashe ɗakin ba. Rufa-rufar ce ta kashe shi.

Mun fitar da daɓen gaba ɗaya. Katakan da ke ɗauke da shi, tara ne, biyu kawai suka tsira. Muka kwashe laka da soson hana zafi da ke cikin bango, buhu shida. Ƙarfen ƙasa na goge tsatsarsa da burushin waya har fatar hannuna ta saɓule, na shafa masa jan fenti. Sannan Malam ya ce a bar shi a buɗe, ba ƙusa ko ɗaya, sai ya bushe. Na ce har yaushe? Ya ce har sai ya ce. Na yi Sallah ina kallon ɗakina kamar ƙashin kifi, kana hango wancan gefen ta wannan.

Yaya bai taɓa ɗaukar guduma ba. Wata rana na fito na ga sababbin katakai huɗu a jingine a jikin tayar, ba wanda ya ce mini shi ya kawo. Na yi amfani da su, katako bai yi mini laifi ba. Godiya dai ban yi ba, shi ma bai nema ba.

Ƙuryar baya ba ta gyaru ba, ginshiƙanta sun ruɓe har sama, sai muka datse ta da bango. Ɗakin ya ragu, keke da kujera ɗaya da ni, in baƙuwa ta zo sai ɗayarmu ta tsaya. Cikin mutum goma sha ɗayan nan, huɗu ne suka dawo.

Umma ba ta leƙo ba sai da na yi wata guda ina aiki a ciki. Ta zo da atamfa a hannu ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce in yafe mata, don zaman lafiyarmu ta yi. Na ce na yafe, don haka ake ce wa uwa. Na tashi na ba ta kujerar, na ɗauki tef na auna ta. Ta ce ai na san awonta, yana nan yadda yake, ba sai na wahala ba. Na ce ta ɗaga hannu. Na auna kafaɗa, na auna tsayi, na rubuta. Na ce ta dawo ran Laraba.