Makin da Muka Tara wa Rhonda

Rhonda Pelkey ba ta taɓa riƙe katin bashi ba sai da furfura ta cika mata kai. Duk unguwarmu a garin Duluth na Amurka an san ta da 'yar jakar tsabar kuɗi. Sai ta tsaya gaban mai kanti tana lalube, na bayanta suna ta tsaki, ita ko a jikinta. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gabana aka yi shi.

Girki take yi a ɗakin cin abincin makarantar firamare, tun tana budurwa. In an yi rasuwa a cocinmu, ita ke haɗa abincin makoki, dankali da niƙaƙƙen nama a babbar tasa, a gasa har saman ya yi ja. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Mutum biyu suka rage mata a duniya, ƙaninta Gordon da 'yarta Kirsten.

Gordon ita ta raine shi. Da uwarsu ta rasu Rhonda ta bar karatu ta kama aiki don shi ya ci gaba da nasa. Ya girma ya zama dillalin motoci, ga tsafta ga daɗin baki, irin mutumin da zai sayar maka da mota ka tafi kana yi masa godiya, sai ka isa gida ka ga mai yana ɗiga. Ni dai tun farko jinina bai haɗu da nasa ba, amma a gaban Rhonda ba a taɓa shi.

Kirsten kuwa wani ɗan New Zealand ta aura ta bi shi can. Rhonda ba ta so ba, kuma ba ta ɓoye ba. Biki ya zo ta ce tikiti ya fi ƙarfinta. Gaskiya ne ya fi ƙarfinta, amma har da fushi a ciki, kuma Kirsten ta sani. Tun daga nan sai gaisuwar waya, ya sanyi, ya aiki, sai an jima. Aka haifi Maisie, ta yi wayo har ta shiga makaranta, ba ta san kakarta ba sai dai fuska a waya. Wannan abu yana cin Rhonda. Ta sha gaya mini babu abin da take so kamar ta je ƙofar gidan 'yarta da ƙafarta, ko ba ta iya cewa komai ba a ga dai ta zo.

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci ina ɗakin girkinta muna shan kofi, sai ga Gordon da kwamfutarsa. Ya ture faranti ya buɗe ta a kan tebur.

"Yaya, ke fa arziki kike zubarwa. Duk cefanen nan da kike yi da tsaba, da da kati kike yi, da yanzu kin je New Zealand kin dawo."

Ta ce, "Kai dai Gordon ba ka rabo da tatsuniya."

Ya jera mata katunan kamfanonin jirgin sama a kan allo. Ya ce duk sayayyar da aka yi da irin katin nan ana ba mutum maki, in makin ya taru sai a yanki tikitin jirgi da shi. Wannan yana ninka maki a kan cefane, wancan a kan man mota. Wannan yana da kuɗin shekara amma akwatinki kyauta, wancan ba kuɗin shekara amma makinsa yana mutuwa in ya daɗe. Ya yi ta zuba har kofinsa ya huce. Ta tambaye shi abu ɗaya kawai, wanne ne zai kai ta wurin Kirsten. Ya ɗora yatsa a kan guda. Nan take ya cike mata neman katin, ta amsa abin da ya tambaya, kafin mu wanke kofuna an amince.

Sannan ya ce akwai asusun iyali. 'Yan uwa kan zuba makinsu wuri ɗaya don ya yi saurin taruwa, shi ma zai riƙa zuba nasa a ciki. Mutum ɗaya ke zama shugaban asusun, kuma tun da ita ba ta iya kwamfuta ba, sai shi ya riƙe mata. Ya nuna mata inda za ta danna, ta danna. Har ƙwalla ta kawo don ƙaninta zai ba ta makinsa.

Daga ranar Rhonda ta zama wata iri. Ko cingam za ta saya sai ta zaro kati, ƙarshen wata ta biya tas. Da muka ga da gaske take sai unguwa ta shiga ciki. Duk mai babbar sayayya sai ya kai mata tsabar kuɗinsa, ta bi shi kanti ta goga katinta. Tayoyin motata da katinta aka saya. Tsoho Halvorsen na ƙarshen layi ya yi kwanaki cikin sanyi da injin ɗumama gidansa a lalace, ya ƙi biyan sabo sai da ta samu sukunin raka shi. Cefanen makoki da na bukukuwan coci duk ta nan suke bi. Muka sa mata suna Uwar Maki. In an yi rasuwa sai wani ya raɗa mata, marigayi dai ya matsar da ke kusa da jikarki, ta kai masa duka da cokali tana danne dariya.

Aka ɗauki shekaru ana haka. Da Gordon ya ce mata abin ya kusa, ta kira Kirsten ta ce wannan Kirsimetin a can za ta yi shi. Kirsten ta ce, to Mama, Allah ya kai mu. Rhonda ta yi fasfo, ta fara saƙa wa Maisie rigar ulu, sai da na tuna mata can lokacin zafi ne.

Wajen ƙarshen hunturu Gordon ya tafi tsibirin Hawaii da sabuwar budurwarsa Shari. Ya ce wurin aiki ne suka saka masa don ya fi kowa ciniki. Rhonda ce ta kai su filin jirgi a motarta. Ita ta riƙe masa kare, ita ta riƙa kwashe ƙanƙarar ƙofar gidansa kada ɓarayi su gane ba kowa. Ya turo hotonsu a kujerun gaba na jirgi, irin waɗanda ake miƙewa a kwanta, ta bi mu gida-gida tana nuna mana ƙaninta.

Da lokacin kaka ya yi Rhonda ta shigo gidana da fasfonta a hannu, ta ce Gordon kullum sai ya ce mata gobe, in taimaka mata mu yanki tikitin kada kujeru su ƙare. Muka sha fama kafin muka shiga asusun. Abin da ke ciki ko Chicago da ke nan kusa ba zai kai ta ba. Na ɗauka kuskure ne, muka kira kamfanin. Wata mai sanyin murya ta duba ta ce an yi amfani da makin tun watan Maris, kujeru biyu na gaba zuwa Hawaii da dawowa. Shugaban asusu yana da ikon kashe duk abin da ke ciki, kuma Rhonda ta amince da hakan ranar da ta shiga. Babu abin da za su iya yi. Rhonda ta ce mata na gode, 'yata, a yi aiki lafiya. Wannan godiyar ta fi komai ƙona mini rai.

Da yamma Gordon ya zo, da ganin fuskokinmu ya sha jinin jikinsa. Amma bai rasa ta cewa ba.

"Yaya, maki fa ba kuɗi ba ne. Kamfanin na shirin rage masa daraja, in ba a kashe ba asara za a yi. Kuma ai har da nawa a ciki. Ki ba ni lokaci, zan mayar."

Na ce, "Da tayoyin wa za ka mayar?"

"Ke Bev, ba da ke nake ba. Maganar gida ce."

Rhonda ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Gordon, ranar da na kai ku filin jirgi, na ɗauko maka jakarka daga bayan mota, na ce ka gaishe mini da teku. Lokacin ka san da makin wa za ka tashi?"

Ya kama wasa da makullin motarsa.  Ta ce ya tashi ya tafi, ya ja mata ƙofa.

Unguwa ta ɗauki zafi. Halvorsen ya ce a yi karo-karo a saya mata tikiti, Rhonda ta ce sam, mutane sun yi mata sau ɗaya, ba za ta sake ɗora musu ba. Ni kuma na ce to a gaya wa Kirsten gaskiya, in ba za ta iya ba ni zan kira. Ta riƙe mini hannu ta ce in ina ƙaunarta kada in yi. Gordon ne kaɗai ya je bikin, shi ya riƙe hannun Kirsten ya shiga da ita coci a madadin ubanta. Shi ne ɗan uwa ɗaya da yarinyar ta yarda da shi a nan, ba za ta raba ta da shi ba. Na ce to ke fa? Ta ce ita ta riga ta saba. Na yi fushi da ita kusan yadda na yi da shi, amma na yi alkawari.

Ran Asabar da rana ta kira Kirsten, ta roƙe ni in zauna kusa da ita. Bayan gaisuwa ta ce gwiwarta ce ta tashi, likita ya hana ta doguwar tafiya, bana dai ba zai yiwu ba. Gwiwar nan lafiyarta ƙalau, da safen ma na gan ta a kan tsani tana share magudanar rufinta. Ta runtse ido tana jira Kirsten ta yi faɗa ko ta yi kuka. Ina jin da ta yi ɗaya daga ciki da Rhonda ta samu sauƙi.

 Ana jin muryar Maisie can nesa tana kiran ubanta.

"Ba komai, Mama, Allah ya ƙara sauƙi," in ji Kirsten. "Kada ki damu da Maisie. Dama ban gaya mata za ki zo ba."