Motar da Ba Ta Tashi Sai da Turi

Mai Gangara ba sunan yanka ba ne, motarsa ce ta raɗa masa. Mai gyaran fanka ne da rediyo, mutum shiru-shiru, kullum da sukudireba a aljihun gaba. Duk abin da ya mutu a gidan mutane yana tayar da shi, ban da motarsa. Ita ba ta jin makulli, sai turi, shi ya sa ba ya ajiye ta sai a gangara. Gidan da suke haya ma ba don kyansa ya kama ba, don ƙofarsa na kallon kwari ne. Abokan da ke zaune a shimfiɗaɗɗen wuri kuwa, zumuncinsu ya koma ta waya.

Ranar da aka bugo cewa 'yarsu ta haihu a can garin da take aure, jikan fari, matarsa ta faɗo shago da takalmi a hannu.

"Baban yara, tashi! Uwar mijinta ma ta kamo hanya. In matar nan ta riga ni ɗaukar jaririn nan, ba za ta bar ni in sha ruwa ba har in mutu."

Suka gangara, mota ta yi tari ta kama. Tafiya na daɗi, sai suka iske babbar mota ta kwanta a tsakiyar titi kamar saniyar da ta ƙoshi. Layi iya ganinka, wurin kuma a baje kamar faranti. Kowa ya kashe motarsa. Mai Gangara ya bar tasa tana kuka, yana kallon allurar mai tana sunkuyawa. Da ya ga za su kwana a daji, ya runtse ido ya murɗa makulli.

"Ka kashe ta?"

"Na kashe ta."

"To ni ka kashe."

Da aka janye babbar motar, kowa ya tayar ya wuce. Matar ta ci ɗamara da gyale, tana turi tana masifa, mota ko gezau. Sai ga murya daga gindin bishiya:

"A'a! Wa nake gani kamar surukata? Ashe ke ce injin!"

Uwar mijin 'yarsu ce, zaune kan jakarta. Bas ɗin da ta hau ya fasa taya, direba ya tafi neman faci. Matar Mai Gangara ta so ta yi kunnen uwar shegu, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

"Taso ki kama, Yaya, in kina son ganin jikanki yau."

"In na tura, gaba zan zauna."

"Tura tukuna, uwar son banza."

Kaka biyu suka sa kafaɗa. Mota ta yi atishawa, ta feshe su da baƙin hayaƙi, ta tashi. Zo ka ga tsofaffi da gudu, ɗankwali a hannu! Dukansu baya suka faɗa, suna haki suna dariya har hawaye.

A ƙofar ɗakin mai jego sulhu ya ƙare. Wannan ta ce ita ta haifi uwar, waccan ta ce ita ta haifi uban, kowacce ta tokare ƙofa da gwiwar hannu. Mai Gangara ya goge hannu a riga, ya raɓa ta gefe.

"Baba, sannu da hanya," in ji 'yar. "Ungo, riƙe min shi in gyara zama."

Ya karɓe shi a hankali, bakinsa har kunne.

"Kai! Da wannan baƙin hannun?" suka ce baki ɗaya.

"Ku dubi naku," ya ce, idonsa na kan yaron. "Wadda ta riga wankewa ita ce ta biyu."

Suka kwasa sai famfo.