Abin da Mma Take Ji ta Bayan Katako

Ni 'yar fari ce, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Mma ba. "Ke" take ce min. In tana ba wani labarina kuwa, sai ta ce "waccan". A unguwarmu ta Maamobi yawancin mutane sun daɗe da sakin wannan kunyar ɗan fari, maƙwabciyarmu ma a tsakar gida take yi wa babbar 'yarta kitso suna hira suna shewa. Amma Mma jikar Kanawa ce, fataucin goro ne ya kawo kakanta, kuma abin da ta tarar ana yi shi take yi, ko da ita kaɗai ta rage a Akra. Ina ƙarama abin yana ci min rai. Da na girma ma bai daina ba, haɗiyewa kawai na koya.

Da cikina ya shiga wata na bakwai, mijina ya kwaso ni daga ɗakinmu na unguwar Alajo ya kai ni gida goyon ciki, don shi direban babbar mota ne, rabin wata a hanyar Tamale yake yinsa. Kafin wannan cikin na yi ɓari sau biyu, duk tun bai fito ba. Wannan ne ya tsaya har ya yi girma. Na shigo lunguna da shi tulele a gaba, kowa yana min barka da ido, amma Mma akwatina ta kalla ta ce, "A shigar da kayan ciki." Tsawon zamana kalmar juna biyu ba ta fito daga bakinta ba. In ta ga na ɗauki bokiti sai ta karɓe, ta ce wai ban iya ɗauka ba, ina zubar mata da ruwan da ta saya.

Ɗakin Mma ɗaya ne, an raba shi biyu da katakon filawud wanda bai kai rufi ba. Ta bar min gadon da ke ciki, ita ta koma katifa a bakin ƙofa, tsakanin robobin gasara da buhun wake. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin lungu, kuma duk unguwa an san kafin a fito daga masallaci hayaƙinta ya tashi.

A ƙasan akwatina akwai wani ɗan inji da ƙanwar mijina ta aiko min daga Jamus. Bai fi tafin hannu ba, yana da igiya da ɗan kai mai kama da na cokali, da kwalbar wani mai mai santsi. Ki shafa man a mara, ki ɗora kan, ki yi ta lalube har ki ji bugun zuciyar abin da ke cikinki. Ranar da na fara kama shi kuka na yi, wallahi har da majina. Sauri yake yi, fat-fat-fat-fat, kamar keken ɗinkina a jajibirin salla. Wadda ba ta taɓa tsugunawa ta ga jini ba, ba za ta gane abin da wannan ƙarar ta zame min ba. Sai na ji ta nake yarda cewa yau ma akwai mu.

Kullum da na idar da sallar asuba nake kunna shi. Nakan rage murya, in ja zane in rufa har kaina, don ni ma kunyar ta kama ni, ba na so Mma ta ji. A ganina lasifikokin masallatai da rediyon maƙwabta sun isa su rufa min asiri.

A kwanakin nan ne kokon Mma ya fara latti. Ina kwance zan ji ta idar da salla, sannan shiru, ba motsin tukunya, ba ƙarar gawayi. Sai can daga baya ta fita da sauri tana ta buga murafen tukwane. Wani direban trotro, motar hayar cikin gari, da ya saba karyawa a wajenta har cewa ya yi, "Mma, kwanan nan koko yana latti paa, latti sosai." Ni kuma da bakina da ba ya shiru, na ce mata in ƙarfin ya ƙare ta faɗa a nemo mai taya ta. Ta ce gawayin bana ne jiƙaƙƙe.

Na taɓa ba ungozomar da ke mana awo labarin injin. Ta ɓata fuska, ta ce in mayar da shi kwalinsa, motsin yaro shi ne abin lura, in ya ragu in taho ko da me na ji a inji. Na ce to. A raina kuwa tsaki na ja, na ce ita ai ba ta zubar da biyu ba.

Wata ranar Talata da yamma na lura ya yi shiru. Yaro ne mai ƙiriniya, da na sha ruwan sanyi sai ya hau shurina. Na sha leda biyu, ko gezau. Na ce barci yake. Da asuba na ɗauko injin, man nan ya ƙare, sai na lakato man kaɗe na shafa. Na lalubi inda na saba samunsa, sai shuuu kawai. Na koma dama, na koma hagu, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Can ƙasa ta gefe na kama wani bugu, dum, dum, a hankali. Na saki ajiyar zuciya. Na ji bai yi saurin da ya saba ba, amma bugu ne, kuma bugu nake nema. Na kira mijina na gaya masa, yana kan hanya, ya ce tunda na ji to alhamdu lillahi, in kwanta in huta.

Ban daɗe da ajiye waya ba Mma ta tsaya a bakin labule. Ba ta shigo ba.

"Ke, maganin hawan jinina ya ƙare. Ki je asibiti ki karɓo min."

Na ɗaga kai na ga kwalin a kan taga, ko rabi ba a sha ba. Na ce, "Ga shi can, Mma." Ta ɗan tsaya, sannan ta saki labulen.

Da azahar ta dawo, wai kanta yana sarawa, in raka ta asibiti a duba ta. Ƙafafuna sun kumbura, zafin kwano ya cika ɗakin, ga cikin nan shiru tun jiya yana cin raina ban gaya mata ba. Sai duk na juye a kanta.

"Haba Mma. Ba kya ganin halin da nake ciki ne? Duk mutanen gidan nan sai ni za ki ja cikin ranar nan? Ko sau ɗaya ba ki taɓa tambayata ya jikina ba, amma aike kin iya."

Ta kalli ƙasa, ta gyara ɗaurin zanenta, ta fita ta zauna tana tsince wake. Har dare ina jin ta tana kaiwa da komowa a bayan katakon.

Washegari na sake shafa man kaɗe, na tafi kai tsaye inda na samu jiya. Yana nan, dum, dum. Ina cikin saurare aka yaye zanen da na rufa da shi. Mma ce, da mayafinta a kafaɗa da takalmana a hannu. Tun da na girma ba ta taɓa ganin jikina a buɗe ba, ranar kuwa cikin ta kalla sosai.

"Ba shi ba ne," ta ce.

"Wa?"

"Wannan da kike ji. Nasa sauri yake yi. Tashi mu tafi."

Na kai yatsuna wuyana ba tare da na yi niyya ba. Abin da ke bugawa a ƙarƙashin yatsuna da abin da ke fita daga injin tare suke tafiya. Zuciyata nake saurare tun jiya.

Mota ba ta shiga lungunmu, sai an taka har titi. Muka bi ta kan katakan da aka gitta a kwata, Mma tana riƙe da gwiwar hannuna. A bakin lungu mutane sun tsaya da kofunansu, teburinta babu komai, murhu ko toka ba a kwashe ba. Wata ta tambaya ko lafiya, Mma ba ta waiwaya ba. Muka samu tasi, muka shiga cunkoson safiya, 'yan makaranta da masu talla suna ratsawa ta gabanmu. Na dafe cikin da hannu biyu ina roƙonsa a zuci, ko sau ɗaya ne ya shure ni, na yi alkawarin ba zan sake ƙorafin haƙarƙarina ba. Babu abin da zan iya yi masa. Yana jikina, tsakanina da shi fata ce kawai, amma ba ni da hanyar kai masa hannu.

A asibiti ungozoma ta ɗora nasu injin, ta daɗe tana yawo da shi. Ta kira wata, ita ma ta gwada. Daga nan aka kai ni ɗakin hoto. Likitar ta yi magana da Turanci, ta maimaita da yaren Twi a hankali, kamar yaren ne matsalar. Na gane tun a karon farko. Na tambaye ta, da jiya na zo fa? Ta ce ba za ta iya sani ba, mai yiwuwa a cece shi, mai yiwuwa tun kafin in fara neman bugun ya riga ya tafi. Na so ta zaɓi ɗaya ta ba ni, ko wanne ne. Har yau tsakanin biyun nan nake zaune.

Aka sa min ruwan naƙuda, na haife shi kamar yadda ake haihuwar kowa. Namiji ne, da gashinsa cike da kai. Mijina ya iso, maza suka naɗe shi suka tafi da shi. Ba suna, ba rago, ba mai ce min barka. Sannu kawai, da Allah Ya mayar da alheri.

Jiki kuwa bai san an rasa ba. Nono ya kawo, kuma dole a yi wankan jego. A al'ada gwaggo ko wata tsohuwa ake nema ta yi wa 'yar fari, amma Mma ba ta aika a kira kowa ba. Ita ta dafa ruwan a tukunyar kokonta, ta kai banɗaki, ta zaunar da ni a kujera 'yar tsugunno. Tana bayana tana tsoma ganye tana fyaɗa min, tururi ya rufe mu. Da yake ba na ganin fuskarta, sai na samu bakin tambaya.

"Mma, yaushe kika fara jin sa?"

Ganyen ya tsaya a bayana.

"Tun asubar da kika fara kwana a nan," ta ce. "Ba na hura wuta sai na ji shi."

Ta tsoma ganyen, ba ta ɗago shi ba.

"Ran nan na ji ya canza. Na zo bakin labule da maganar a bakina. Na buɗe baki, sai maganin hawan jini ya fito."

Ni da ba na barin ta kwana, ni da nake faɗa da mai ruwa da mai gawayi da yaron trotro, na laluba ko'ina a raina ban samu fushin da zan yi da ita ba. Na ji ta kifa goshinta a tsakiyar bayana, ruwan yana hucewa, mu biyu muna kuka ba mai ganin fuskar wani.

Na yi arba'in a wajenta. Injin yana ƙasan akwati, ban kunna ba, ban kuma iya yarwa ba. Da asuba in na idar da salla nakan kwanta in zuba wa katakon ido. Mma takan yi sallama, ta naɗe darduma, ta fita kai tsaye, in ji tana zuba gawayi. Wata safiya na jiyo direban nan daga bakin lungu yana mata kirari, wai yanzu kam Mma ta dawo daidai, koko ya daina latti.